Lasifikar Ba Ta Da Laifi

Ranar da na fara ɗora allura a kan faifan garmaho a ɗakina, sai da na kara kunne a jikin lasifika kafin na ji muryar mawaƙin. Na murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe, amma abin da ke fitowa bai wuce kukan sauro ba, babu kauri, ganga ma kamar ana buga gwangwani. Faifan ɗaya ne daga cikin goma sha bakwai da kawuna ya ba ni a kwali, kuma na san yadda suke cika falonsa in ya saka su. Na kwana ina zargin lasifikar, har na ƙudurta in sayar da ita in ciko kuɗi in sayi babba. Allah ya sa ban yi ba.

Abin da ya ɓace mini ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba. Allurar da ke bin layin faifai wutar da take haifarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, milibolt 3 zuwa 5 a irin kawunan allura masu maganaɗisu da yawancin masu farawa ke amfani da su. Dole a ninka ta kusan sau 100 kafin ta kai ƙarfin da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura wa lasifika, ke jira. Sannan tun wajen yanka faifai da gangan ake rage kaurin sauti a ƙara siririnsa, don layin kada ya yi faɗi ya cinye wuri, kuma don a danne ƙarar shuu ta jikin faifan. Wannan tsari ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ce ta daidaita shi a 1954, har yau kuma shi ake bi. Aikin ɗan akwatin nan, wanda za ka ga an rubuta PHONO a jikinsa, shi ne ya ƙara ƙarfin ya kuma mayar da kaurin da aka cire. Ni kuwa na zare waya daga injin faifai na cusa ta kai tsaye a lasifika.

Don haka duk wanda ya ce mini zai fara, kafin ya tambaye ni wace lasifika, ni nake tambayarsa ina nasa akwatin yake. Yana iya zama a cikin injin faifan, ko a cikin amfilifaya, ko a waje shi kaɗai. Guda ɗaya ake buƙata. Injina irin Audio-Technica AT-LP60X suna zuwa da shi a ciki, da ɗan makunni a baya mai PHONO da LINE. In ka bar shi a LINE, wato akwatin da ke cikin injin yana aiki, sannan ka sake cusa wayar a ramin PHONO na amfilifaya, an ƙara ƙarfi sau biyu ke nan, sautin zai fashe ya yi ta ɓarɓarwa.

A ganina, mai ɗan kuɗi kaɗan ya fara kashe su a kan injin da allurarsa. Lasifika mara kyau kunnenka kawai za ta gajiyar, ranar da ka canza ta shi ke nan. Allura mara kyau kuwa faifan take ci, abin da ta kankare kuma ba ya dawowa. Shi ya sa ba na son injinan nan masu kama da jakar tafiya, masu lasifika a jiki. Suna da kyan gani da araha, amma yawancinsu suna danna allura da nauyin da ya kai giram 5 ko fiye, ga lasifikar tana girgiza akwatin da faifan ke juyawa a kai. Kan allura mai kyau kamar AT-VM95E giram 2 yake so, Ortofon 2M Red kuma 1.8. Na sayi ɗan ma'aunin allura na dijital, kuma ranar da na fara aunawa na tarar nawa ya zarce abin da aka rubuta da fiye da giram guda. Na juya nauyin da ke bayan hannun injin a hankali har lambar ta zauna daidai. Wata waƙa da ke kusa da tsakiyar faifai, wadda kullum muryar take tsatsa a cikinta, ta ɗan lafa tun daga ranar.

Sai lasifika. Iri biyu ce: mai amfilifaya a cikinta wadda ake jona wa wuta, da wadda sai an haɗa ta da amfilifaya daban. Na zaɓi ta farko saboda ɗakina ƙarami ne kuma ba na son tarin wayoyi. Edifier R1280T ce, wat 42 duka biyun, bakinta inci 4, da ramukan shigar sauti biyu a baya. Ba ta da PHONO a ciki, wanda shi ne asalin matsalata. Ba za ta girgiza taga ba, amma murya tana fita fes, kuma ana rarrabe kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da niyyar ci gaba da ƙara kaya sannu a hankali, ta biyun ta fi masa, don yana iya canza lasifika ya bar amfilifaya, ko akasin haka. Tsofaffin amfilifaya na shekarun 1970 da 1980 kusan duka suna da ramin PHONO, kuma ana samun na hannu masu lafiya. In za ka sayi tsohuwar lasifika, cire mayafin gabanta ka taɓa zoben soson da ke kewaye da bakin. In yana marmashewa a yatsa, sai an yi gyara.

Kada lambar wat da aka buga da manyan baƙaƙe a kwali ta ja ka, musamman in ka ga PMPO a gefenta, wato ƙololuwar ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan. Ka nemi wadda aka rubuta RMS, wato ƙarfin da take iya riƙewa a kai a kai. A ɗakin kwana, wat 20 zuwa 40 na gaske sun wadatar.

Abin da ya fi ba ni mamaki bai ci mini ko sisi ba. Da farko na jera komai a kan tebur ɗaya, injin a tsakiya, lasifika dama da hagu suna goga masa kafaɗa. Da na ƙara sauti sai wani gurnani ya taso yana ƙaruwa da kansa: girgizar lasifika na bin katako ta shiga allura, allura ta mayar wa lasifika. Na ɗauke su na ɗora kowacce a kan nata matsayi, na ja su kamar taƙi guda daga bango, na sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujerata, ƙaramin bakin na sama yana saitin kunnena. Da na sake saka faifan nan na farko, muryar ta tsaya a tsakiya, a wurin da babu lasifika ko ɗaya. Na daɗe zaune ban motsa ba. Wani ɗan gurnani da ya saura kuma siririyar wayar nan mai kai kamar cokali mai yatsu ce ban ɗaura a kan kusar da aka rubuta GND a jikin akwatin PHONO ba. Ina ɗaurewa ya yi tsit.

Bluetooth ban damu da shi ba. Yana mayar da sautin dijital ya matse shi kafin ya aika, ni kuwa wayar da ta zo da injin ta ishe ni.

Yanzu abin da nake tara wa kuɗi sabuwar allura ce. Masu ƙera su kan ce a canza bayan 'yan ɗaruruwan awoyi, gwargwadon irin bakinta, shi ya sa na ajiye ɗan littafi kusa da injin ina jan layi duk faifan da na ji. Kafin kowane ji nakan share faifan da buroshi mai laushi, allurar kuma daga baya zuwa gaba, ba a taɓa yi mata ta gefe. Kawu ya zo makon jiya, ya zauna a kujerar tsakiya, ya ce in juya masa ɗaya gefen.