Kafin ka ce iyaye sun yi sakaci

Kusan duk mai bisharar da ikilisiya ta aiko ƙauyukanmu na Kudancin Kaduna, tambayarsa ta farko gare ni ɗaya ce: "Sista, me ya sa suke zama da yaro a gida sai ya galabaita sannan su kawo shi?" Na daɗe ina aiki a wani ƙaramin asibitin mishan a yankin Kachia, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, jinkirin nan yawanci lissafi ne ke kawo shi. Uwar ta san ɗanta ba shi da lafiya tun daren farko, ta riga kowa sani.

Ku tsaya ku ga yadda take kwance bakin zaninta a gaban tebur. Kuɗin a nannaɗe suke, tsofaffin takardu, ta riga ta ƙirga su tun a gida. Akwai kuɗin acaɓa zuwa da dawowa, kuɗin kati, gwajin jini, sannan magani. Akwai kuma abin da ba ya cikin ƙullin: yinin gona da ta rasa, da sauran yaran da ta bari babu mai ɗora musu tukunya. Shi ya sa take fara zuwa kemis ta ce a haɗa mata gwargwadon abin da ke hannunta. A ba ta rabin magani, zazzaɓi ya lafa kwana biyu, ya dawo da ƙarfinsa. Ranar da za ta iso wurinmu, in na ja fatar idon yaron sai in ga fari fat, tafin hannunsa ma haka. Jini ya ƙone, sai an ƙara masa, sai an tura su Kafanchan ko Kaduna, kuɗi ya ninka sau da yawa. Na ce wa wata, "Mama, da kin zo tun shekaranjiya." Ta ce, "'Yata, shekaranjiya ba a ci kasuwa ba." Sai da ta sayar da akuya.

Talaucin ƙauye yana da lokacinsa. Daga Yuli zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, ɗan kuɗin da ake da shi ya tafi taki. A daidai lokacin ne sauro yake yawa, ruwan sama ya wanke ƙazanta cikin rijiyoyi, gudawa ta kama yara, hanya kuma ta yanke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 1 cikin 4 na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma a nan Arewa damina ce ke ɗauke da nauyin. To amma yaushe coci-cocin birni suke kawo mana duba marasa lafiya kyauta? Lokacin Kirsimeti ko Ista, hanya ta bushe, an yi girbi. Muna godiya, Allah ya saka. Sai dai da za a tambaye ni, a Agusta muke neman su.

Shekarar 2023 ta nuna mana wannan ƙarara. A 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi. A daminar nan kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachia, Kagarko da Jaba, ta ruɓe a gona. Citta ce kuɗin makaranta, ita ce kuɗin asibiti a gidaje da yawa. Mutanen da a da suke biya ba tare da magana ba, suka koma roƙon a rubuta musu bashi.

Abubuwan da na ga suna ceton rai ba su da tsada. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ga mai gudawa. Gidan sauro da ake kwana a ciki da gaske. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kowane wata a damina. Kunun gero da waken soya da gyaɗa ga yaron da tamowa ta fara kamawa. Mai bishara zai iya koyon duk wannan a mako guda. Abin da ya fi burge ni shi ne na Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, a wani ƙauye: suka buɗe asusu na musamman don kuɗin mota in naƙuda ta zo da gardama, suka shirya da direba guda wanda za a taso ko da tsakar dare. Ba wanda ya kawo musu wannan daga waje.

Akwai abin da nake roƙon 'yan'uwana masu bishara da shi. Kada magani ya zama tarko. Musulmi suna zuwa wurinmu, Fulani makiyaya suna zuwa, kuma a jihar da ta ga rikicin Kafanchan a 1987, na Zangon Kataf a 1992 da na Kaduna a 2000, amana ba ta da arha. In mutum ya fahimci sai ya saurari wa'azi za a duba ɗansa, ba zai dawo ba, zai kuma hana maƙwabcinsa. Ka duba shi da kyau, in ya yarda ka yi masa addu'a, ka yi. Haka nan, kada wani ya ce wa mai shan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka ya ajiye don an yi masa addu'a. Na ga inda hakan yake ƙarewa, kuma yana ci mini rai har yau.

Waɗanda suka fara wannan aiki sun san ciwon ƙasar nan a jikinsu. Cikin mutum 3 na ƙungiyar mishan ta SIM da suka iso ƙasar nan a 1893, Walter Gowans ya rasu a Girku a 1894, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zauna Zariya shekara da shekaru, Hausa ta zauna a bakinsa, har yau kuma asibitin Wusasa yana nan. Zama suka yi da mutane.

Masu bisharar yau kuwa 'ya'yanmu ne, kuma su ma talakawa ne. Ana aika mutum da matarsa da ƙananan yara ƙauyen da babu rijiyar burtsatse, albashin bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma ya yi jinkiri. Matan masu bishara nawa na gani sun haihu a gida saboda kuɗin mota, su ma da ƙullin bakin zani irin na kowa. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, in kun zauna tsara kuɗin aikin mishan na baɗi, ku ware na lafiyar iyalin wanda kuke aikawa, ku yi musu rajistar inshorar lafiya ta jiha, ku kuma aika kuɗin kafin ruwa ya sauka.