Tausayin da ya jawo wa Umma gyambo

Ina da shekara 19 hawan jini ya kayar da Umma, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yayyena duk sun yi nisa, ni ce a gida, sai jinya ta faɗo kaina. Wanka, canza kaya, magani a kan lokaci, cikin sati biyu na iya su.

Ranar da aka sallame mu, nas ta ce min, "Ki riƙa juya ta duk bayan awa 2, har da dare." Na ce to. Da rana ina yi. Amma da dare, in na haska fuskarta na ga barci ya ɗauke ta bayan wahalar yini, sai in kasa taɓa ta. Kuma tsakani da Allah ni ma a gajiye nake, ga jarrabawa a gabana. Sai na laƙaba wa abin suna tausayi.

Na ga wurin kuwa, da idona. Can ƙasan bayanta, daidai ƙashin da take kwanciya a kai, fatar ta yi duhu, ta yi tauri, da ɗan ɗumi. Ni ja nake jiran gani, ashe a baƙar fata ba lallai ya nuna ja ba. Na shafa mai na rufe. Kwana kaɗan wurin ya buɗe. Nauyin jiki ne ke danne hanyoyin jini tsakanin ƙashi da katifa har naman ya mutu, ita kuma ba ta iya gyara kwanciya da kanta. Wata 4 muka yi muna wankin gyambon nan. Jarrabawar da nake tattalin barci dominta ko zauren ban shiga ba.

Abin da ke ci min rai har yau, Gwaggo ta sha cewa, "Bari in karɓe ki ko dare biyu ne a sati." Ni kuma in ce, "A'a Gwaggo, zan iya." Wai kada a ce na gaza. Da na amsa, da wani ya juya ta.

Yanzu waya ce ke tashe ni. Filo tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri don kada diddige ya taɓa katifa, kuma kullum in duba ƙugu da kafaɗa da tocila. Daren Talata da na Juma'a na Gwaggo ne, ina barci kamar gawa. Sauran dararen, ƙarfe 2 in na kama kafaɗar Umma takan ja tsaki. In ce, "Yi haƙuri Umma," in juya ta.