Dead Heat: ɗan sandan da ke farautar wanda ya kashe shi

A farkon Dead Heat, fim ɗin Amurka na 1988, 'yan fashi biyu sun shiga kantin gwala-gwalai a Los Anjalis, 'yan sanda suka yi ta yi musu ruwan harsashi, su kuwa ko gezau. Da aka samu aka gama da su, likitar gawa ta ce ai ta san mutanen nan, ita da hannunta ta taɓa feɗe gawarwakinsu. Bincike ya kai ɗan sanda Roger Mortis (Treat Williams) da abokin aikinsa Doug Bigelow (Joe Piscopo) wani kamfanin magunguna mai injin tayar da matattu. A can aka kulle Roger a ɗakin da ake zuƙe iska, ya mutu, aka ɗora shi kan injin ya farka. Zuciya ba ta bugawa, jiki ya yi sanyi, kuma cikin awa 12 zai narke.

Wa'adin nan shi ke jan ragamar fim ɗin, kuma a fuskar jarumin ake karanta lokaci. Da farko leɓensa ne ya koɗe har sai da aka nemo masa jan baki, can gaba fata ta soma zagwanyewa. Steve Johnson ne ya yi kwalliyar. Irin wannan aiki a wancan zamani da hannu ake yinsa: a shafa wa ɗan wasa alginate, abin da likitan haƙori ke ɗaukar siffar haƙora da dasashi da shi, a zuba filasta a samu kwafin fuskarsa, a sassaƙa ruɓewar da yumɓu a kai, a fitar da mazubi, a cika shi da kumfar roba, a gasa na wasu awanni. Kowane yanki sau ɗaya ake amfani da shi, domin gefensa siriri ne kamar ɓawon albasa, wajen cirewa yake yagewa. Gumi na ɗaga gam, sai gefen ya bayyana a kyamara. In kuma da jelatin aka yi, wato wani abu mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, zafin fitilu na narkar da shi. Wahalar da ta fi ita ce ba a ɗaukar fim bi da bi. Dole a raba ruɓewar mataki-mataki, a ɗauki hoton kowanne a ajiye, in ba haka ba ka ga gawa ta warke tsakanin fitowa biyu.

Inda fim ɗin ya ci tuta shi ne shagon mahauci a unguwar 'yan Sin. An kunna wani injin tayar da matattu a can, sai agwagin da aka fige, da alade, da hanta, har da sa da aka feɗe ba kai, suka taso wa 'yan sandan. Kana dariya, tsigar jikinka na tashi, kuma abu guda ne ya haifar da su duka biyu. Daraktan, Mark Goldblatt, asalinsa mai tace hoto ne, shi ya tace The Terminator na 1984, kuma ana ganin gogewarsa a nan: ba ya barin kyamara ta daɗe kan 'yar tsana har ido ya gano roba ce.

Inda aka samu tangarɗa shi ne barkwancin Piscopo. Sau da yawa yakan jefo zolaya daidai lokacin da ya kamata tsoro ya zauna, kuma zolayar daga bakinsa kawai take fitowa, ba ruwanta da abin da ke faruwa. Williams kuwa ya ɗauki mutuwarsa da gaske, yana tambayar shaidu cikin natsuwa fuskarsa na zubewa, shi ya sa ya fi ba da dariya. Vincent Price, tsohon gwanin finafinan tsoro, ya fito a matsayin attajirin da ke son sayar wa masu kuɗi rayuwa marar ƙarewa, amma fitowarsa kaɗan ce, sai kusan ƙarshe aka ba shi fili.