Karrama darakta da fim ɗinsa mai waƙa: abin da aikin sono ya koya mana

A Maraɗi, in aka ce za a karrama tsohon darakta, kuɗin yakan ƙare a rumfa, kujeru da lambar yabo. Fim ɗin da aka taru dominsa kuwa, sai ranar bikin ake tura yaro ya sauko da shi daga intanet. Mu masu aikin haska fim mun san inda hakan ke kaiwa: dattijo na zaune a sahun gaba, waƙar da ya sha wahala a kanta tana fita da ƙugi, bakin mawaƙi ya rufe kafin muryarsa ta iso. Jama'a kan yafe hoto mai ɗan hazo. Kiɗan da ya karkace ba sa yafewa, don sun haddace shi.

Saboda haka aikin farko, aƙalla mako uku kafin biki, shi ne neman izinin mai haƙƙin fim da kwafin da ya fi kusa da asali, sannan a gano a kan me aka ɗauke shi.

Tsofaffin finafinan Nijar, irin na Moustapha Alassane da Djingarey Maïga da Oumarou Ganda, wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, galibi a kan zaren fim mai faɗin milimita 16 aka ɗauke su. Silima tana tafiya da hoto 24 a sakan ɗaya, tele kuwa, a Nijar da Najeriya, da 25. Kwafin da ya biyo ta tele yakan ƙara gudu da kusan kashi 4 cikin ɗari, har fim na minti 90 ya koma 86 da ɗoriya. A hira ba a cika lura ba. A waƙa kuwa murya na sirancewa, ganga ta yi kamar an ƙara ɗaure ta. Gyaran shi ne a mayar da hoto da sauti tare zuwa 24 a kwamfuta. Amma finafinan bidiyo na Kano, irin Sangaya na Aminu Muhammad Sabo, da 25 aka yi su tun asali. Wanda ya rage musu gudu ya ɓata abin da ke lafiya.

Mai son ya horar da idonsa ya nemi Tourou et Bitti, wanda Jean Rouch, darakta ɗan Faransa, ya ɗauka a ƙauyen Simiri na Nijar a 1971, ɗauka ɗaya ba yanka, gwargwadon abin da naɗin zare mai mita 120 ke bayarwa, wato kamar minti 11. Ana ganin hannun makaɗi na sauka kan fata. In sauti ya zame ko da hoto biyu ne, nan take za a gane. Da irin wannan wuri ake auna kwafi, ba da wurin hira ba.

In kaset ɗin VHS aka samu, kada a cusa shi cikin na'ura kai tsaye. A leƙa ta tagarsa: farin gari a jikin zare fumfuna ce, za ta toshe kan na'urar ta kuma shafi kaset na gaba. In yana da tsabta, a naɗe shi har ƙarshe a dawo da shi, don zaren da ya daɗe a ajiye yakan manne. Kaset na iya ɗauke da layin sauti biyu, na gefen zare da na Hi-Fi. A saurari kowanne, domin gefen zare ne ke fara tattarewa, shi ke sa murya rawa. A adana sautin a kwamfuta a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, a 48 kHz. Faifan VCD bai fi kaset mai lafiya ba, ƙyallinsa ne kawai ke ruɗin mutane. Kada kuma a tura fim ɗin ta WhatsApp a matsayin bidiyo, matse shi zai yi. A kai shi a kile, wato USB.

Hoton waɗannan finafinai 4:3 ne, wato faɗi huɗu, tsayi uku. A bar baƙi a gefe biyu na allo, kada a miƙe shi ƴan wasa su kumbura.

A filin biki, ƙugin da ke fita daga lasifika yawanci na kuran ne, wato wutar lantarki, mai 50 Hz. A zare cajar kwamfuta: in ya ɗauke, an gano tushensa, sai a haɗa kwamfuta da mikisa da amfilifaya a layin wuta ɗaya. Gurup, wato janareta, ya yi nisan kamar mita 30, ta inda iska ba za ta kawo ƙararsa da hayaƙinsa ba. Lasifika kuwa kusa da allo. Sauti na tafiyar mita 340 a sakan, don haka na zaune a mita 34 ya riga ya makara da kashi ɗaya cikin goma na sakan; kada kujeru su yi tsawo, gara su yi faɗi. In majigin ne ke jinkirta hoto, maɓallan J da K a VLC, manhajar kunna bidiyo, na matsar da sauti kaɗan-kaɗan har baki ya dace da murya. A rage bas, tsohon sauti ba ya ɗaukarsa. Lokacin hunturu a ɗaure allo ta kusurwa huɗu. Duk wannan a gwada shi daren jajibiri bayan sallar isha'i, daidai lokacin da za a haska.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne sanƙira ya kama makirfo yana gaida manyan baƙi a tsakiyar waƙa. Jawabi kafin fim ne, kuma in an fara a bar shi har sunayen ƙarshe su wuce, domin a nan makaɗa da mai ɗaukar sauti suke. Mutane irin Moussa Hamidou, da ya daɗe yana ɗaukar wa Rouch sauti, a nan kawai ake ganin sunansu.

Bayan fim a ba dattijon kujera da ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, a yi masa tambayar aiki: "Baba, waƙar aka fara ɗauka ko rawar? Wa ya kaɗa kalangun?" Ganda ya rasu a 1981, Alassane a 2015, babu sauran damar yi musu irin wannan tambaya. A naɗi amsar, a yi kwafi uku tare da fim ɗin da aka gyara: ɗaya ga darakta, ɗaya ga iyalinsa, ɗaya a nemi ɗakin karatu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ajiye.