Lokacin da aka dawo da wuta

Yau da la'asar aka dawo da wuta, sai ƙwan falo ya yi wani haske mai kashe ido kafin ya daidaita. Na tsaya ina kallon sitabilaizar da ke bayan talabijin, allurarta ta haura can sama da 230, wato ƙarfin wutar da ya kamata ya shigo gidajenmu, kuma ba ta saki wuta zuwa amfilifaya da dikoda ba sai da abin ya lafa. Wannan ɗan jinkirin ya kwantar mini da hankali, domin ba ɗaukewar wuta ce ta fi ƙona kayan kallo da sauti ba, dawowarta da ƙarfi ita ce ke cinye allon cikinsu.

Duk da haka, sitabilaiza ba ta iya tare tsawa, wadda kan bi ta wayar dish ta shigo, shi ya sa idan hadari ya haɗu nake zare filogi da wayar gaba ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu muna tara kuɗi mu sayi kayan, amma ba ma ware komai domin kare su.