Ƙwayoyin bakteriyar da ke cin maganin ciyawa

A damina biyu da suka wuce, kawuna ya yi ta ƙorafin cewa maganin ciyawar nan atirazin da yake fesa wa gonar masararsa ya daina riƙe ciyawa kamar da, domin tun kafin masara ta kai gwiwa sai ka ga haki ya sake tsirowa a tsakanin kunyoyi. Shi dai ya yanke hukuncin cewa jabu aka sayar masa, kuma hakan yana iya yiwuwa. Sai dai akwai wani dalilin da yake cikin ƙasar gonar kanta.

Kamfanin Geigy na ƙasar Suwizalan ne ya fito da atirazin a shekarar 1958, kuma an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin sinadarin da ke jimawa a ƙasa har ya tsiyaya cikin ruwan rijiyoyi, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a 2004. Amma a 1995 masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun ba da rahoton wata bakteriya daga dangin Pseudomonas, wadda suka samo a wurin da maganin ya taɓa malala, tana cin atirazin domin samun naitirojin.

Aikin nata yana tafiya ne ta hanyar enzayim guda 6, wato sinadaran da bakteriyar ke samarwa domin wargaza abin da take ci. Na farkonsu, AtzA, shi ne ke ɓamɓare ƙwayar kulorin daga jikin maganin, kuma da zarar an yi haka ƙarfinsa na kashe ciyawa ya ƙare. Sauran biyar ɗin suna ci gaba da wargaza abin da ya rage har ya koma amoniya da iskar kabon. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ƙwayoyin gadon wannan aiki suna kan wani ɗan zoben DNA da bakteriya ke iya miƙa wa junansu, shi ya sa aka same su kusan iri ɗaya a nahiyoyi daban-daban.

Gonar da ake fesa wa atirazin shekara da shekaru tana kiwon waɗannan ƙwayoyin bakteriya, su yawaita, su riƙa cinye maganin da wuri. Wannan alheri ne ga ruwan sha, amma asara ce ga manomin da zai biya kuɗin feshi sannan ya koma ga fartanya. Na shawarci kawuna ya shuka wake ko waken suya a gonar bana, ya huta da atirazin.