Abin da yashin bakin kogi ya koya mini

Duk wanda ya tashi kusa da gulbi ya san yadda mata ke tona yashin tsakiyar rafi da rani, su jira ruwa ya taru su kwarfa. Rijiyar burtsatsen da muke haƙawa a gaɓar kogi wannan dabarar ce, sai dai an sa mata famfo. Famfon na zuƙa, ruwan kogi na ratsa yashi da tsakuwa, laka da ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a hanya. Ruwan kan fito garau, ba sai an zuba alif ba, ko da yake kilorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, dole ne.

A makaranta da Jamus ake ba mu misali. Birnin Dusaldof yana shan ruwan kogin Rhine ta wannan hanya tun 1870. Amma ƙasarsu mai sanyi ce, kogunansu ba sa ƙafewa. Da na fara aiki a fadama na ga zafin namu yana da nasa hukunci. Idan ruwa ya ɗumama, ƙwayoyin halittar da ke cikin yashi sukan cinye iskar da ke narke a cikinsa da wuri. Iskar na ƙarewa, ƙarfe da wani ma'adini mai suna manganis da ke jikin ƙasa sai su narke su biyo ruwan. A bakin famfo fari fat, ya kwana a randa ya wayi gari ja kamar tsatsa. Injiniya zai ce iska kawai za a ba shi a sake tacewa, gaskiya ne kuwa, amma matar da ruwan ya ɓata wa farin zane ba za ta jira bayaninsa ba, kogi za ta koma. Shi ya sa awon ruwan da na fi yarda da shi na bazara ne, wajen Afrilu, lokacin da kogi ya janye zafi ya kai maƙura. Na damina yana ruɗi.

Nisan rijiya da kogi ma rigima ce. Ka matso, ruwan bai daɗe cikin yashi ba balle ya tsarkaka. Ka ja baya sosai, ruwan ƙasa kake sha, har da takin lambunan da ke kewaye.

Ambaliya kuma, wadda kowa ke addu'ar Allah ya tsare, ita ke kankare lakar da ke toshe gindin kogi. Madatsun ruwa irin su Tiga, da aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992, sun rage ƙarfin ambaliyar da ke gangarawa Haɗeja. Inda kogi ya daina wanke kansa, dole a riƙa lura da yawan ruwan da rijiya ke bayarwa shekara bayan shekara.

Akwai kuma abin da ban yarda a bar wa yashi shi kaɗai ba. Inda dagwalon majemu ke shiga kogi, kamar a yankunan masana'antu na Kano, ina neman awon kuromiyam, sinadarin da ake jeme fata da shi, tukuna, kafin a kawo injin haƙa.